Abin da Rariya Ba Ta Ɗauka: Kayan Gida da Toshewar Magudanan Ruwa



Duk lokacin da damina ta kama, kwata ta cika ta tumbatsa cikin gidaje, bakinmu ɗaya wajen ɗora laifi a kan leda da kuma hukuma. Dukansu suna da nasu kason. Amma wannan takarda za ta dubi wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, wato abin da ke fitowa daga tsakar gida da madafi da banɗaki, ya bi rariya ya fita waje.

Sai mun fara sanin inda ruwan yake zuwa. A Abuja akwai matatar Wupa, wadda ke karɓar ƙazamin ruwan wasu sassan birnin ta tace shi. Yawancin garuruwanmu ba su da irin wannan. A Kano, ruwan wanke-wanke da na wanka yana fita ta rariya ya shiga lambatu, ya bi ta ƙofar maƙwabci, mai yawa daga ciki ya faɗa kogin Jakara, daga nan ya nufi madatsar Wasai. A bakin wannan hanya masu lambu suke ban ruwan latas da alayyafo da ake kawowa kasuwa. Na banɗaki kuwa sokawe yake shiga, sau da yawa taku kaɗan daga rijiyar gidan. Babu mai tacewa a tsakani.

Na farko a jerin masu laifi shi ne maiƙo. Uwargida ta gama suya, ko ta wanke tukunyar da aka dafa kan sa, sai ta juye ragowar man a rariya tana ganin ruwa ne, zai wuce. Yana da zafi yake gudu. Da ya huce sai ya daskare a jikin bututu, musamman kitse da manja, kuma a lokacin hunturu abin ya fi sauri. Daga nan duk abin da ya zo wucewa sai ya maƙale: gashi, ganyen shayi, ƙwayar shinkafa, ɓawon ƙwai. Wasu kan bi shi da tafasasshen ruwa da omo, to wannan tura matsalar gaba kawai yake yi, ta daskare inda hannu ba ya kaiwa. Ko Landan, da duk injiniyoyinta, ba ta tsira ba. A shekarar 2017 an gano wani curin kitse da tsumman goge jiki a magudanar ƙarƙashin unguwar Whitechapel, nauyinsa kimanin tan 130, tsawonsa mita 250, sai da ma'aikata suka yi makonni suna farfasa shi. A wurinmu masu tuyar ƙosai da awara da gidajen abinci su ne ya kamata a fara zama da su, domin man da suke zubarwa a yini ya fi na gidaje da yawa. Maganin ba tsada: a bar mai ya huce, a juye a gwangwani ko tsohuwar roba, a goge kasko da takarda kafin a wanke.

Akwai kuma abin da ya fi zama namu. Muna goge tukunya da toka da yashi, muna share tsakar gida mu kora sharar da ruwa. Ƙasa ba ta narkewa. Tana kwanciya a gindin lambatu har zurfinsa ya ragu. Haka ragowar tuwo da ƙanzo da dusar gasara, suna kumbura su yi kauri, su ruɓe su jawo ƙuda da ɓera. Abin takaici, waɗannan abinci ne ga kaji da awaki.

A banɗaki na zamani kuwa, famfas ɗin yara da audugar mata da tsumman goge jarirai su ne ke cika sokawe kafin lokacinta. An ƙera famfas ne don ya sha ruwa ya riƙe, saboda haka a cikin bututu kumbura yake yi. Ku tambayi masu kwashe masai abin da ke toshe musu tiyo, za su ba ku labari. A naɗe su a leda a sa a shara.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba ya toshe komai, don haka ba a lura da shi. Baƙin man janareta, ragowar fenti, kalanzir, fiya-fiya, ruwan batir, da magungunan da suka lalace. Waɗannan suna kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta a cikin sokawe, suna kuma tsiyaya cikin ƙasa su iske rijiya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake zubarwa suna cikin abubuwan da ke taimaka wa cuta ta daina jin magani. Sannan a kiyaye haɗa bilic da sinadarin wanke masai mai asid da sunan buɗe bututu, domin yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a ɗakin da sau da yawa ko taga babu.

A ganina, tsaftar ƙarshen wata ba za ta wadatar ba muddin ana yashe kwata a tara dagwalon a bakinta, ruwan sama na farko ya mayar da shi. Ina roƙon hukumar kwashe shara ta riƙa ɗauke abin da aka yashe a ranar, ta kuma ware wurin karɓar baƙin mai da tsofaffin magunguna. Ga masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyyar matan aure, ku kai wannan magana cikin gidaje, inda ake wanke tukunya.