Alƙalamin Hafsa Kafin Bindigarsa

Ya ku sarakunan Hausawa, malamai, dattawa da sauran 'yan'uwa mazauna Ikko, Badun, Shagamu, Anacha da Fatakwal, ina yi muku gaisuwar ban girma.

Da yawa cikinmu muna da ɗa ko ƙane a aikin soja, kuma galibi mun ɗauka aikin nan ƙarfi ne da fareti da harbi kurum. To, ku sani hafsa ba ya kai ga babban muƙami yanzu sai ya iya bincike da rubutu irin na masu babban digiri.

Ku dubi yadda aka jera makarantun. A 1964 aka buɗe makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, a 1985 kuwa ta fara karatun digiri. A 1976 aka kafa kwalejin Jaji, inda masu muƙamin Manjo da takwarorinsu ke koyon tsara aikin runduna a rubuce. A 1979 aka kafa cibiyar nazarin manufofin ƙasa a Kuru kusa da Jos, inda manyan hafsoshi ke karatu tare da farar hula. Sa'an nan a 1992 aka buɗe Kwalejin Yaƙi a Ikko, ta koma Abuja, aka sake mata suna Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a 2007. A waɗannan manyan matakai, tilas ne kowa ya gabatar da kundin bincike na kansa.

Mene ne amfanin wannan wahala? Amfaninta ceton rayuka. A watan Oktoba na 1967, lokacin yaƙin basasa, Runduna ta Biyu ta yi yunƙurin ƙetare kogin Kwara cikin jiragen ruwa daga Asaba zuwa Anacha, bayan an karya gada. Aka yi hasarar mazaje masu yawa, garin kuwa bai shiga hannu ba sai watan Maris na 1968, bayan an zagaya ta Idah. Hafsan da aka ba wannan ya bincika ba zai tsaya ga yabo ko zargi ba. Zai fara da tambaya guda: me ya sa aka kasa? Zai nemi yawan jiragen, da labarin da aka samu game da abokan gāba, da halin kogin. Zai auna hujjoji, ya bayyana inda ya samo kowace, ya rufe da shawarar da kwamanda zai iya aiki da ita. Umurnin da aka gina bisa zato, kurtu ne ke biyansa da jininsa.

Auna hujja kuwa shi ne gishirin aikin. Janar Obasanjo ya fitar da littafinsa My Command a 1980. A shekarar nan kuma Janar Alexander Madiebo ya ba da labarin yaƙin ta ɓangaren Biyafara. A 2013 Birgediya Godwin Alabi-Isama ya fito da nasa, yana musanta abubuwa da dama da Obasanjo ya faɗa. Wanda bai koyi bincike ba, na farko da ya karanta shi zai gaskata. Mai ilmi kuwa sai ya jera su, ya gwada da takardun runduna da bakin waɗanda aka yi a gabansu.

Kada kowa ya ce wannan al'adar Turawa ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ja runduna, ya kuma rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, wanda har gobe masu tarihi ke dogara da shi. Janar Yakubu Gowon ma, bayan barinsa mulki a 1975, ya koma aji a Jami'ar Warwick ta Ingila har ya sami digirin dokta.

Saboda haka roƙona gare ku biyu ne. Na ɗaya, kada ribar kara ko ta canji ta sa mu cire yaro daga makaranta, domin wanda bai iya tsara magana a takarda ba, a ƙasa zai tsaya, ko da jarumi ne. Na biyu, akwai tsofaffin sojoji a unguwanninmu da suka ga yaƙi da idonsu. A sa matasa su zauna da su, su rubuta abin da suka gani tun suna raye, domin hafsoshin gobe su sami abin dogara.

Allah ya ba Nijeriya zaman lafiya. Wassalam.