YARO DA LITTAFI: JAWABI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDANSU NA ƘASASHEN IKARA, MAKARFI DA KUDAN

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a tunatar da shugabannin ƙasa wani abu da kowa ya gani da idonsa, watau yawan yaran da ke zuwa makaranta shekara da shekaru, amma su fito ba su iya karanta wasiƙa ba. Makarantu sun yawaita ƙwarai, tun daga Paki har Hunƙuyi, amma littafi ya ɓace daga hannun yaro. Ya kamata a duba yadda aka yi da can, domin a gane inda aka yi sake.

YADDA LITTAFI YA ZO

A cikin 1933 Ofishin Talifi na Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ya sa gasa tsakanin malamai, aka ce kowa ya rubuta labari da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na Malam Tafida da shi East ɗin. Bayan 'yan shekaru kaɗan Imam ya fito da Magana Jari Ce, littafi uku. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 kuwa aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya.

Da aka shiga shekarun 1950 sai Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, ta kafa hukumar NORLA don buga littattafai masu araha. Aka kuma riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, ta Lardin Zazzau sunanta Bazazzaga. Dattawa suka zauna a zauruka suna koyon baƙi da wasali, 'ya'yansu na kallo.

Yaron wancan zamani yakan fara da Ka Koyi Karatu, ya wuce zuwa Ka Ƙara Karatu, sa'an nan Ka Yi Ta Karatu. Kafin ya bar elementare ya san rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ya san akun da ya tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare. Ba bulala ce ta sa shi karatun ba. Yana ɗokin ya ji ƙarshen labari ne, ɗokin nan kuwa shi ya gyara masa harshe da hannu.

Ƙasar nan ma tana da nata rabo cikin wannan aiki. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya shirya wasannin kwaikwayo da aka fara ji a rediyo, daga baya aka buga su: Zamanin Nan Namu a 1959, da Jatau Na Kyallu, labarin attajirin da ya watsar da iyalinsa don karuwa har ya tsiyace. An daɗe ana karanta su a makarantu. Abin kunya ne yaron Maƙarfi ya gama firamare bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba.

INDA AKA YI SAKE

Dalilan suna da yawa, amma uku sun fi nauyi.

Na farko, a 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. Niyyar mai kyau ce, sai dai yara sun yi ambaliya kafin a tanadi isassun malamai, aka ɗauki waɗansu da ba su ƙware ba. Illar ta daɗe tana bin makarantu. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malaman firamare wajen 33,000 da tambayoyin aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Malamin da karatu ke ba shi wuya ba zai sa wa yaro sha'awarsa ba.

Na biyu, tun daga 1986 da darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, littafi ya fi ƙarfin talaka. Akwatin littattafan da akan tarar a ofishin hedimasta ya zama wofi, ba a sake cika shi ba.

Na uku, aikin gona. Allah ya albarkaci ƙasashen nan da rake da tumatir da tattasai. Lokacin yankan rake da dafa mazarƙwaila, da lokacin ban ruwan fadama, akan janye yara maza daga aji makonni da yawa, 'yan mata kuma a ɗora musu talla. Yaron da ya bar karatu wata biyu yakan dawo ya tarar abin da ya koya ya zube.

Kada wani ya ce wayar hannu ta ɗauke wa mutane wannan wahala. Saƙon banki rubutu ne, takardar magani rubutu ce, haka takardar cinikin gona. Wanda bai iya karatu ba tilas ya miƙa asirinsa ga wani, ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Hakimai sun fi kowa sanin yawan rigimar gona da gado da ke tasowa daga nan.

ABIN DA AKE ROƘO

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 makarantu suka fita daga hannun En'e, amma girman hakimi bai fita daga zukatan talakawa ba. Saboda haka ana roƙon abu huɗu:

1. In hakimi ya fita rangadi, ya tsaya a makaranta, ya ɗauki yara biyar na aji huɗu yadda ya ga dama, ya ba su littafin Hausa su karanta a gabansa.

2. Magatakarda ya rubuta sakamakon, ƙauye ƙauye, ya ajiye, a sake gwadawa bayan wata shida, a kai wa Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma. Yawan suna cikin rajista ba ya nuna yawan masu karatu.

3. A nemi attajirai da ƙungiyoyin manoma su sayi littattafan hira ko ashirin ga kowace makaranta, a riƙa ba yara aro su kai gida, a rubuta sunan mai aro.

4. Dagatai da masu unguwanni su shirya da iyaye, yaro ya yi gona da yamma, safiya ta zama ta makaranta. A kuma girmama malaman allo, gama wanda ya iya ajami ya riga ya san darajar alƙalami, boko ba zai yi masa wuya ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya karanta littafi guda don daɗinsa, shi da kansa zai nemi na biyu. Allah ya ba shugabanni ikon tsayawa a kan wannan al'amari, ya shiryi zuriyarsu da ta talakawansu, amin.