Lambun Gado: Daga Jigo Zuwa Sola, Ina Rabonmu Mata?

Jawabin da wakiliyar sashen 'yan kasuwa ta gabatar ranar bikin cikar shekarar ƙungiya



Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, Sakatariya da Ma'aji, malamanmu na yaƙi da jahilci, iyayenmu maza da suka zo sa mana albarka, mazajenmu da suka ba mu izini, ɗiyanmu maza da mata, 'yan uwa na Dutsin-Ma da na Kurfi, sannunku da zuwa, sannunku da ƙoƙari. Mun gode wa Allah da Ya nuna mana wannan shekara muna raye, ƙungiya tana tsaye, adashi bai watse ba. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Mu 'yan sashen kasuwa aka ce mu yi magana bana. Da muka zauna shawara, sai muka ga babu abin da ya fi damun mu kamar maganar lambu, musamman lambun renon dashe, wato inda ake yafa iri a komi, a rene shi, a sayar wa mai son dasawa. Kowace mai tallar kayan miya a cikinmu ta san tumatir da tarugu da albasar da take kasawa ranar Laraba daga komin wani gida suka faro. Da yawanmu ɗiyan masu lambu ne, wasu kuma matan masu lambu. Lambunan nan kuwa suna canza hannu, wasu suna haɓaka, wasu suna mutuwa muna kallo. Abin da muke so mu duba tare ke nan.

Mu fara da zamanin kakanni. Su ba su san dam ba. Lambunsu a fadama yake, a bakin gulbin Karaduwa da ƙananan ƙoramu. In rani ya yi, a haƙa rijiya a yashi, a kafa jigo, a ɗaura guga ko ƙwarya, mutum ya wuni yana ɗagawa yana zubawa. Lambun ba shi da girma, don iyakar ƙarfin hannunka iyakar gonarka. Amma akwai abu guda da ya kamata mu lura da shi: kusan ba a kashe ko sisi. Taki daga turken gida yake. Inuwar komi karan dawa ne da ciyawa. Iri kuwa a ɗakin tsohuwa yake. Ita ce ke zaɓen tumatir ɗin da ya fi kyau, ta matse 'ya'yansa, ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka, ta zuba a gora ta toshe. Haka take yi wa kuɓewa da yakuwa da alayyafo. Kun ga ke nan tun asali da hannun mace a cikin lambu, ko da ƙafarta ba ta taka fadama ba.

Sai zamanin iyayenmu. A 1983, lokacin mulkin Shugaba Shehu Shagari, aka kammala madatsar ruwa ta Zobe. An yi shirin a ja ruwanta a shayar da dubban kadada, amma manyan magudanan da aka tsara ba su kai inda aka ce za su kai ba. Mutanenmu ba su zauna jira ba. Na Makera da Garhi da sauran ƙauyukan bakin ruwa suka bi gaɓa, duk inda ruwa ya ja baya da rani a bi shi da shuka. Daga baya, a shekarun 1990, shirin Fadama da hukumar KTARDA suka yaɗa ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar burtsatse ta fadama. Jigo ya kwanta, tiyo ya tashi. Mutumin da ubansa ke shayar da komi ashirin, shi ya koma shayar da ɗari. A lokacin ne kuma, bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aikin dashen itatuwa na yaƙi da hamada ya koya wa mutane renon bedi da turare da gwaiba da mangwaro a cikin baƙar leda. Wasu gidaje suka gane ashe dashen kansa haja ne, ba sai ka jira ya yi 'ya'ya ba.

Inji ya kawo arziki, ba mu musa ba. Da kuɗin lambu aka yi wa da yawanmu kayan ɗaki. To amma daga ranar da inji ya shigo, lambu ya fara cin kuɗi kafin ya ba da kuɗi: ga mai, ga baƙin mai, ga gyara, ga takin zamani, ga maganin feshi.

Yanzu ga zamanin ƙannenmu da ɗiyanmu. Su irinsu a sacet yake zuwa, irin nan na zamani da ake haɗawa a kamfani. Yana da yabanya, 'ya'yansa suna jure tafiya har Legas, amma in ka matse 'ya'yansa ka ajiye don baɗi, ba zai ba ka abin da ya ba ka bana ba. Dole kowace shekara ka koma shago. Saboda tsadarsa, yaran yanzu ba sa watsa shi a komi kamar da. Wasu suna amfani da faranti mai ramuka, ƙwaya ɗaya rami ɗaya. Sun iya auren mangwaro, wato a yanko reshen itace mai daɗi a ɗaura a kan ɗan dashe. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara biyar zuwa bakwai kafin ya yi 'ya'ya, mai aure kuwa a shekara uku ko huɗu ya fara. Sun kuma sami sababbin masu saye. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, gari ya faɗaɗa. Malami ya gina gida yana neman fulawa da itacen inuwa, abin da kakanninmu da sun ji an ce ana sayarwa sai su yi dariya. Yaro ya ɗauki hoton dashensa ya sa a WhatsApp, a turo masa kuɗi ta waya, ɗan acaɓa ya kai.

Duk wannan ci gaba ne. Amma mu da muke zaune a kasuwa mun ga abin da ya faru sau uku a 'yan shekarun nan. A 2016 tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir a Katsina da Kano da Kaduna, kwando ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, wanda ya ci bashi ya sayi iri ya tashi da bashi kawai. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. Mai lambu da me zai kai wa injinsa mai? Mai ciniki ta waya da wa zai yi magana? Dashe kuwa ba ya jira. Tumatir sati uku zuwa huɗu yake yi a komi, tattasai da tarugu sati biyar zuwa shida, albasa wajen sati shida zuwa bakwai. In ya wuce lokacinsa ya tsufa, in ya kwana biyu ba ruwa ya ƙone. Sannan a 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 ta haura 1,000. Wanda yake da hali ya koma famfon sola, ya huta da sayen mai. Wanda ba shi da shi ya rage komi, ko ya jingine tiyo.

Abin da muka fahimta shi ne, kowane zamani ya rage wahalar jiki amma ya ƙara buƙatar jari. Lambun kaka gumi yake so. Lambun jika kuɗi yake so, da lissafi. Gidan da ba shi da inda zai ari kuɗi cikin mutunci, ba shi kuma da mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, lambunsa yana kan siraɗi.

Yanzu bari mu zo inda gizo ke saƙar. Iyayenmu maza, ku yi mana afuwa, za mu faɗi gaskiya. Yawancin lambunan da muka ga sun mutu, ba sharon ce ta kashe su ba, ba kuma tsadar mai ba. Ranar rabon gado suka mutu. Maigida ya rasu ya bar lambu ɗaya, rijiya ɗaya, inji ɗaya, magada goma sha biyu. Shari'a ta fayyace rabon kowa: matan mamaci suna da tumuni in akwai 'ya'ya, ɗiya mace tana da rabin rabon namiji. Wannan ba mu da ja a kansa, hukuncin Allah ne. Matsalar tana wajen aiwatarwa. Wani gida sai a yanka lambun gunduwa-gunduwa, wanda rijiya ta faɗo a rabonsa ya ci gaba, sauran su sayar. Wani gida sai a ce wa mace, "Ke me za ki yi da fadama? Karɓi kuɗi." A kimanta da araha, ta karɓa, biki ɗaya ko jinya ɗaya kuɗin ya ƙare. Wani gida kuma a ce a bar shi a hannun babban wa, shekara da shekaru ba lissafi, in ta tambaya a ce ta cika son abin duniya. Mangwaron da uba ya rena shekara ashirin, a ƙarshe a sare shi a yi gawayi.

Akwai kuma gidajen da suka yi dabara, kuma a cikinmu akwai matan irin gidajen. An raba gado a takarda a gaban malami da shaidu, kowa ya san kasonsa, amma ba a yanka ƙasar ba. Wanda ya iya aikin ya riƙe, a yanka masa ladan wahalarsa, in an sayar a cire abin da aka kashe, a raba riba gwargwadon kaso. Irin waɗannan lambuna su ne yau ke da sola. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka sashen 'yan kasuwa yana gabatar wa ƙungiya shawara huɗu.

Ta farko, duk 'yar ƙungiyar da gadon lambu ko fadama ya faɗo mata, kada ta yi gaggawar sayarwa. Ta zo ta sanar da shugabanni, a haɗa ta da malamin da ya san ilimin gado, a rubuta kasonta. In buƙata ce ta matsa mata, ƙungiya ta duba ba ta rance maimakon ta rabu da ƙasa. Kuɗi yana ƙarewa, fadama ba ta ƙarewa.

Ta biyu, mu ware wani kaso na asusunmu don rancen noman rani, marar ruwa, a fitar da shi kafin a fara yafa iri bayan damina, a biya bayan an fara ɗiba. In asusu ya yi ƙarfi, gida uku ko huɗu masu maƙwabtaka da juna su haɗu a saya musu famfon sola ɗaya, su biya kaɗan-kaɗan.

Ta uku, mu dawo da gorar tsohuwa. Ba muna cewa a bar irin kamfani ba, yana da ranarsa. Amma kuɓewarmu da yakuwa da rama da alayyafo da zogale, babu dalilin da zai sa mu saye su a sacet. Iyayenmu mata da suka san yadda ake zaɓe da shanya da ajiya suna nan zaune tare da mu. A sa rana su koya mana, ɗiyanmu 'yan makaranta su rubuta. Renon dashe a leda kuma sana'a ce da mace za ta yi a tsakar gidanta ba tare da ta fita ba: ƙasa mai kyau, yashi, ruɓaɓɓen taki, inuwa, da ɗan ruwa safe da yamma. Zogale cikin sati biyu ya tsiro. 'Ya'yan bedi a shuka su da ɗanyensu, don in sun daɗe ba sa fitowa. Mu 'yan kasuwa mun yi alkawarin ɗaukar dashen 'yan uwa mu kasa a rumfunanmu.

Ta huɗu, kowane lambu ya sami littafi. Mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanmu mun san abin da biro ya yi mana a kasuwa: mai bashi ba ya iya cewa ya manta. Littafin naira kaɗan ya ishe ku: ranar yafa iri, kuɗin mai, kuɗin taki, abin da aka sayar, wanda aka ba bashi. In maigida ba shi da lokaci, uwargida ta riƙe. Ranar da ta Allah ta kasance, littafin nan shi zai hana 'yan uwa zargin juna.

Ɗiyanmu samari, muna jin kuna cewa lambu wahala ne, gara acaɓa ko tafiya Abuja. Ba mu hana ku neman na kanku ba, kuma mun san tsoron daji ya sa fita lambu ya zama sai da addu'a. Amma ku ne kuka iya waya, ku ne kuka iya sola, ku ne kuka iya auren itace. Ku zauna da iyayenku tun suna da ƙarfi, ku tambaye su wane ɓangaren fadama ke riƙe ruwa, wane wata hunturu ke kashe dashe, wane dillali ne mai amana. Ku kuma iyaye maza, ku sakar wa yaro komi goma nasa na kansa, ya ji daɗin kuɗin guminsa. Yaron da ya yi shekara goma yana ban ruwa bai taɓa riƙe cinikin kwando ɗaya ba, ranar da ya sami hanya tafiya zai yi. Ku riƙa sa ɗiyanku mata a cikin lissafin tun yanzu, su ma magada ne.

Malamai sun sha gaya mana dashen itace sadaka ce, duk wanda ya ci ko ya sha inuwa ana rubuta wa mai dashen lada. Waɗanda suka dasa mana sun yi nasu. Muna roƙon shugabanni su sa shawarwarin nan huɗu a taron wata mai zuwa, a tattauna, a kaɗa ƙuri'a.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari da jiharmu baki ɗaya. Allah Ya sa albarka a ruwan Zobe da gumin masu lambu. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya. Wanda muka ɓata wa a cikin magana ya yafe mana.