MA'AIKATAN BOGI DA AMANAR BAITULMALI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, maudu'inmu na yau shi ne wata ɓarna da ta zama ruwan dare a ma'aikatun gwamnati, wato ma'aikatan bogi. Ma'aikacin bogi suna ne a takardar albashi wanda babu mai shi a bakin aiki: ko mamacin da ba a soke sunansa ba, ko wanda ya yi ritaya, ko sunan da aka ƙirƙira, wani jami'i yana kwashe kuɗin duk ƙarshen wata.

Tantance masu haƙƙi a Baitulmali ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ne ya kafa Diwani, inda aka rubuta sunayen mutane ƙabila-ƙabila tare da rabon kowa. Saboda haka yin amfani da kwamfuta don wannan manufa wasila ce zuwa ga tsare amana, kuma malaman Usulu sun tabbatar cewa wasila tana ɗaukar hukuncin manufarta.

A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta soma tsarin IPPIS, wanda ke tattara bayanan ma'aikaci da hotonsa da zanen yatsunsa a rumbu guda, sannan a tura albashi kai tsaye cikin asusunsa na banki. A 2014 Babban Banki ya fito da lambar BVN, wadda ke ɗaure dukkan asusun mutum da yatsunsa, ta yadda mai karɓar albashi goma da sunaye goma asirinsa zai tonu. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunaye 23,846, abin da ya tsare kimanin naira biliyan 2.29 a kowane wata. Ku auna malaman makaranta nawa wannan kuɗi zai biya!

Sai dai, ya 'yan uwa, na'ura ba ta da taƙawa. Abin da aka shigar mata shi take fitarwa. A 2022 hukumar EFCC ta kama Akanta-Janar na Tarayya, wanda tsarin yake ƙarƙashin ofishinsa, bisa zargin almundahanar biliyoyin naira. Haka kuma ƙungiyar ASUU ta daɗe tana kukan cewa tsarin bai dace da jami'o'i ba, har a Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire manyan makarantu daga cikinsa. Don haka muna kira ga hukumomi da su ɗora amintattu a kan na'urorin, kuma kada tantancewa ta zama dalilin riƙe albashin ma'aikacin gaskiya, domin jinkirta haƙƙin ɗan ƙwadago zalunci ne.

Yanzu mu juyo kan kawunanmu. Wasu suna cewa dukiyar gwamnati ganima ce, ba ta da mai ita. Wannan shubuha ce. A cikinta akwai haƙƙin maraya da majinyaci da ɗan fansho. Allah Ya hana cin dukiyar mutane da ƙarya a Suratul Baƙara, aya ta 188, kuma Ya yi gargaɗi a kan gululu a Suratu Ali Imrana, aya ta 161. Albashi lada ne na aiki. Wanda sunansa yake ƙaramar hukuma, shi kuwa yana kasuwa, ba ya leƙawa sai ranar tantancewa, to ya sani yatsansa zai gamsar da kwamfuta, amma ba zai halatta masa kuɗin ba. Wanda ya san mahaifinsa ya rasu, ya ci gaba da karɓar albashinsa, hukuncinsu ɗaya. Gina masallaci da irin wannan kuɗi ba ya tsarkake shi. Sharaɗin tuba shi ne a daina, a yi nadama, a mayar da haƙƙi.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga cin amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.