Mai jinya ma yana buƙatar barci: jawabin da na yi a Tunuga

 

Shekara huɗu ke nan kakata tana fama da gigin tsufa. Takan tashi tsakar dare ta ce za ta kai wa mijinta abinci gona, shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Wata asuba a hanyar gulbi aka tsinto ta, ba ko takalmi. Tun ranar gwaggona take kwana a bakin ƙofa. Ta bar sana'arta ta ƙosai, ba ta zuwa biki, ba ta zuwa gaisuwar mutuwa. Mu da ke Yamai fa? Mu kira waya mu ce "yaya jikin Kaka?", mu turo jaka biyar, shi ke nan mun sauke nauyi. Wallahi ban taɓa tambayar gwaggo yaushe rabonta da barci ba.

Wannan ciwo ba maita ba ne, ba aljannu ba ne, ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da shi, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyar mata ne ke bayarwa. A wasu ƙasashe akwai wuraren da ake kai tsoho ya wuni don mai jinya ya huta. Mu a nan muna da gayya. In mun iya taruwa mu nome gonar mutum ɗaya a wuni guda, me zai hana mu karɓi gwaggo?

Ga roƙona. Kowane gida mai irin wannan jinya ya zauna ya raba kwanaki, mai jinya ta samu wuni biyu a mako nata na kanta. Maza su ɗauki dare, ba abin kunya ba ne. Kada a cire yarinya daga makaranta don gadin kaka. Mu na Yamai, Dosso da Malanbil mu yi adashe a biya maƙwabciya amintacciya. A kai tsohon likita a Gaya a duba shi, ita ma mai jinyar a auna ta.

Ni na ɗauki Asabar ɗin farkon kowane wata. Kai wace rana za ka ɗauka?

Allah ya ba tsofaffinmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.