Makaɗi da Alƙalami



Da kaka, in hatsi ya shiga rumbu, makaɗa kan cika dandali a Gure da ƙauyukanta: ga masu kalangu, ga masu algaita, ga masu gurumi. To, ran da makaɗi ya kwanta dama, ina waƙarsa?

Ku dubi Malam Mamman Barka, ɗan Tesker, malamin makaranta. A 2002 ya tafi tafkin Cadi wurin tsoho Bukar Tar, ya koyi biram na Buduma, mai tsirkiya 5, wanda ya kusa ɓacewa. Malam ya rasu a 2018, amma biram yana nan cikin faifai.

Kai ɗan ajin yaƙi da jahilci, zauna da makaɗin garinku, rubuta waƙarsa ɗaya, ka kawo ta aji.

Allah ya kai mu mako.