Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Matasa Masu Haɗa Wutar Sola a Gusau

 

Wakilan iyayenmu masu martaba, Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu, Allah ya ja zamaninsu, malamai masu horarwa, iyayen yara, 'ya'yana da ake yayewa a yau.

Mun taru ne domin mu miƙa takardar shaida ga samari da 'yan mata daga Gusau da Tsafe da Bungudu, waɗanda suka koyi ɗora faifan sola da haɗa batir da ja wa gida waya. Ina so su san nauyin abin da suka riƙo.

A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin shekarar 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya shanyewa. A watan ne kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Kafin nan, ƙasar ta ɗauki alwashin rage kashi 20 cikin 100 na hayaƙinta zuwa 2030, ko kashi 47 idan ta samu tallafin ƙasashen waje. Mu da hamada ke matsowa gonakinmu, damina kuma ta daina tsayawa kan ƙa'idarta, mun fi kowa buƙatar a cika wannan alkawari.

To, ina hayaƙin yake a Zamfara? Kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba mana wuta tare da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato, ba shi ke samar da ita ba, sayo ta yake yi. Mafi yawanta daga tashoshin iskar gas na kudu take fitowa, saura kuma daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, waɗanda ba sa ƙona mai. Saboda haka hayaƙin da muke shaƙa ba daga turken lantarki yake tashi ba. Yana tashi ne a daidai lokacin da aka ɗauke wuta, mai walda a bakin titin Tsafe ya ja igiyar janaretansa, mai niƙa a Bungudu ya tayar da inji, mai cajin waya a kasuwar Gusau ya aika yaro da galan.

Ku lissafa da ni. Kowace lita ta man dizal idan ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar da ke ɗumama duniya. A ce injin niƙa yana shan lita 5 a wuni, ya yi kwana 300 yana aiki, a shekara ya zuba wa sama kimanin tan 4. Inji ɗaya ke nan. Ga kuma kuɗin fetur, wanda tun daga Mayun 2023 da aka janye tallafinsa ya zame wa mai ƙaramar sana'a ƙarfen ƙafa. Ba mu kuma manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki a cikin duhu.

Don haka ina da kira uku.

Ga kamfanin raba wuta: duk sa'a guda da ya ƙara mana ta wuta, janareta masu yawa ne ya kashe. Ya sa wa mutane mita, ya gyara taransifoma da tsofaffin wayoyi masu zubar da wuta a hanya, ya kuma riƙa bayyana wa jama'a abin da ya cim ma kowace shekara. Mu ma mu biya kuɗin wuta, mu daina jona ta sata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga gwamnatin jiha: dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wutarsu. Ga misali a Kano, akwai tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso. Rana kuwa Allah bai rage mu da ita ba. A fara da asibitocin karkara da rijiyoyin burtsatse da masu noman rani.

Ku kuma 'ya'yana, amana ce aka ɗora muku. Idan kun hau rufi, ku fuskantar da faifan kudu, ku ɗan karkata shi, ku gaya wa mai gida ya riƙa goge ƙurar hunturu, domin ƙura na rage masa ƙarfi. Kada ku sa siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri. Kada ku sayar da tsohon batir da sunan sabo, kuma wanda ya mutu kada a fasa shi a tsakar gida, domin dalma ce a cikinsa, kuma Zamfara ta ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a 2010. Aiki ɗaya na ha'inci yana iya mayar da unguwa guda ga janareta. Aiki ɗaya mai kyau kuwa shi zai kawo muku goma.

Iyaye da masu hali, ku ba yaran nan aiki, ku taimaka musu da jari. Allah ya sa albarka a sana'arsu, ya ba jiharmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.